Tekun da Na Zaɓa wa Kawu

Laraba da dare, Rikoto

Kawu, tsohon sojan ruwa, ya nace sai ya yi mako a jirgin masu nutso, inda ake kwana ciki ana shiga ƙarƙashin teku da tulun iska. Yau ya nuna min wurare biyu a waya, wai in zaɓa. Ɗaya can tsakiyar teku, igiyar ruwan na da ƙarfi. Ɗayan Bahar Maliya, ana hango gaɓa.

Ni kuwa ran Lahadi na ga yadda yake haki a hanyar coci.

Na ce, "Bahar Maliya, Kawu. Kifayen can sun fi kyau."

Ya daɗe yana kallona. "Kifi ka duba ko ƙirjina?"

Ya kife wayar ya ce, "To, Bahar Maliya ke nan."