Agwagwar Malam da Hannun Bobboi

Malam Hayatu, sallama da fatan alheri. Taimako nake nema, amma kafin nan bari in sanar da al'ummar Mubi da kewaye, cikin alhini, cewa agwagwata ta ɓata. Fara ce mai baƙin wuya, tana ɗan ɗingishi. Kada ka raina ta, domin ta shiga tarihi: a bana ita kaɗai ce satar da aka kai ƙara ofishin 'yan sanda daga unguwarmu. Ni na kai. Na tsufa ina koya wa yara cewa ɗan ƙasa nagari ba ya rufa wa laifi asiri, ba zan ƙaryata allona ba.

Ga ainihin damuwar. Ina da ɗan haya, Bobboi, mutumin hayin Kamaru ne daga wajen Burha. Lokacin da gari ya faɗa hannun 'yan ta'adda muka tsere ta Sahuda, a gidan yayansa muka fake. Da muka dawo ya biyo mu, na ba shi ɗakin waje shi da matarsa Fadimatu. Piya da ayaba yake kawowa a keke, tunda an hana mashin. Ba shi da takardar shaida, ta nan ko ta can. Ya ce sun ƙone. Mutum ne mai shiru. A da shirun nake yabo, yanzu shi ya hana ni sakewa.

Watan jiya ya dawo ba keke, ba kaya, hannu a karye. Ya ce mini a mayo, wato rafi, ya faɗi, ruwa ya tafi da keken. Malam Hayatu, a tsakiyar rani? Mayon da ko akuya ba ta jiƙa kofato? Bai je asibiti ba, Betso ya tafi wurin maɗori. Daga baya Fadimatu ta tsegunta wa mai ɗakina Safiyatu cewa tare shi aka yi a hanya da sanduna, kuma ba shi kaɗai ba: masu kawo kaya daga hayin an sha tare su, ba wanda ya ce uffan. Ta haɗa ta da Allah kada Malam, wato ni, ya ji. Malam kuwa ya ji, domin Safiyatu ba ta taɓa ɓoye mini komai ba sai inda take ajiye sukari.

To me ya sa ni za a ɓoye wa? Wanda aka doka bai yi kuka ba, ina jin ya san hannun. Ko rabon wani abu ne ya haɗa su faɗa? Me ke ƙarƙashin ayabar? Tun dawowarmu mai unguwa ya ce kowane mai gida shi zai amsa laifin baƙonsa. Kuma ban rage shi da komai ba. Ranar da 'yan sanda suka zo binciken agwagwa suka tambaya ko akwai baƙo a gidan, suka tafi da shi, ai ni na bi sawu na karɓo shi da yamma. Godiyar ma sama-sama ya yi.

Ga kuma taro a gabana. Ina cikin kwamitin da ke sada 'yan sanda da jama'a, muƙamin da ladansa lemon kwalba ne. Jami'in da ke kula da ɓangarenmu riƙon ƙwarya yake, yana so a tabbatar da shi, wasu manyan siyasa na bayansa. Duk zama sai ya ɗago zancen agwagwata: wai unguwar da ba a sace komai ba sai tsuntsuwa ai ta zauna lafiya. Shugaban mafarauta kuwa, da ke son a mayar wa yaransa tsaron hanyar, ya fara gaishe ni da wata fara'a da ban san shi da ita ba. Ina zargin ya ji ƙishin-ƙishin. A zama mai zuwa za a nemi mu yaba wa jami'in. In na yaba na yi shaidar zur. In na yi magana za a ce in kawo mutum. Shin in kai ƙarar ko Bobboi bai so ba, ko in sallame shi tun bai jawo mini ba, ko in sha lemona in yi shiru?

Tsohon malami mai agwagwa, Mubi

Malam, Allah ya mayar da alheri, na agwagwa da na keke.

Ka zargi ɗan haya, ka zargi jami'i, ka zargi mafarauci, har ayaba ba ta tsira ba. Amma amsar da kake nema ka rubuta ta da hannunka, ka wuce ba ka waiwaya ba. Ka kai ƙarar agwagwa, aka zo, ba a tambayi kamanninta ba, aka tambayi baƙo. Kai yammar da ka karɓo shi kake tunawa, shi wunin yake tunawa. Idan tsuntsuwar wani ta kai shi bayan kanta, ina tasa ƙarar za ta kai shi? Yana ɓoye maka ne domin duk unguwar kai kaɗai ne mai kai ƙara. Ka kuma tambayi kanka: zaman da kuka yi a Burha, da an ɗauke maka waya, za ka nemi ofishin jandarma, 'yan sandan can?

Ban ce tsoronka na banza ba ne. Wanda ya ga abin da Mubi ta gani, dole ya so sanin abin da ke shiga gidansa. Kana da gaskiya kuma cewa shiru ba ya ƙarar da sata. Masu tare hanyar sun zaɓi mutanen da suka san ba za su yi ƙara ba, gobe kuma ba lallai a hannu abin zai tsaya ba. Jami'in ma ban san zuciyarsa ba. Abin da aka kawo masa yake faɗa, sai dai da ni ne shi, shirun nan tsoro zai ba ni, ba alfahari ba.

Ga shawarata. Kada ka kai ƙara da sunan Bobboi ba da yardarsa ba, domin shi za a tsare, ba kai ba. Kada ka sallame shi a kan ƙaryar mayo. Ka shiga ɗakinsa da dubiya, ba da tambaya ba, ka fara da ba shi haƙurin wunin agwagwa, wanda ban ga alamar ka taɓa bayarwa ba. Ka rufa wa Fadimatu asiri. In ya saki jiki, zancen ayaba zai fito da kansa. In ka ga abin tsoro na gaske, ba hasashe ba, sai ka sami mai unguwa.

A taro kuwa, kada maganar hanya ta fito daga bakinka, kowa ya san baƙon gidanka. Ka sami shugaban masu sayar da kayan marmari a kasuwa. Ɗan gari ne, kuma kayansa ne ba sa isowa. Shi ya tayar da ita ba suna. Naka shi ne ka ƙi yabon, ka nemi jami'in ya yi alkawari a gaban mai unguwa da liman da fasto cewa wanda ya zo ƙara ba za a fara da takardarsa ba. Yadda ya karɓi wannan roƙon zai nuna maka ko ya cancanci kujerar. Mafarauci kuma ka amsa gaisuwarsa, ka tsaya nan. Sandar dukan abokin hamayya yake nema.

Da na karanta farkon wasiƙarka na ɗauka zolaya ce, har na tura ta gefe. Na yi kuskure. Allah ya ɗora hannun Bobboi, ya dawo da yarda tsakaninku. Agwagwa kuwa, ka yafe wa wanda ya ci.

Malam Hayatu