Kwalin Faifan Baba Kolin

Stapleton, 6 ga Maris, 2016

Yaya Sumani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Mma, da yaran shagon ɗinki duka. Yaya ƙafar Mma? Ni lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na samu aiki. Anti Akua da nake zaune wurinta ita ta kai ni ejansi, wato kamfanin da ke sama wa mutane aiki, suka ba ni wani dattijo Bature ɗan Ingila in riƙa kula da shi. Baba Kolin nake ce masa. Ciwon mantuwa gare shi, wani lokaci ko 'yarsa Jenifa ba ya ganewa. Jenifa ta ce babban aikina in ga ya ci abinci. In ya ƙi ci, in sa masa wani baƙin faifai irin na garmaho.

Yaya, ranar da na fara sa shi, na ɗauka injin ne ya lalace. Kamar ana jan kwanon rufi a kan kwalta, ga wani yana ta ihu kamar an ƙwace masa babur. Na yi maza zan kashe, sai na ga Baba yana kaɗa kai yana buɗe baki. Ya cinye abincin tas. Jenifa ta ce wasu samari ne a Ingila, wannan ne faifansu na farko, kuma bayansa kiɗa ya canza a duniya. Ta ce ba su ma iya kiɗan sosai ba, wai shi ya sa ake son su. Na ce to. Ban gane ba, amma na ce to.

Abin da ke ba ni kunya kwalin faifan. Ya yage, an maƙale shi da fil irin na nafkin ɗin jariri, an yi masa zane-zane da biro kamar aikin yaro. Mutum mai gida haka, in baƙo ya gani ai ni za a zaga. Na ɗinka masa jaka da ragowar atamfar da ka sa mini a akwati, har da zif. Da ka ga ɗinkin da ka yi alfahari.

Ka gai da Mma sosai.
Ƙanwarka, Fusena

Stapleton, 13 ga Maris

Yaya Sumani,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Kada ka karanta wa Mma wannan.

Na shiga uku. Tun da na sa faifan a sabuwar jaka Baba ya daina cin abinci. Ina sa masa kiɗan, ihun nan dai bai canza ba, amma sai ya yi ta lalube a kan tebur yana kuka. Ashe kullum kwalin yake rungumewa a ƙirji in zai ci. Na sha gani, na ɗauka riƙewa kawai yake yi.

Jiya Jenifa ta zo. Da ta ga jakar sai fuskarta ta yi ja. Ta ce zane-zanen da ke jikin kwalin sa hannun makaɗan ne da kansu, Baba yana da shekara goma sha tara suka rubuta masa. Fil ɗin kuma daga rigar mahaifiyarta ne, wadda ta rasu, a wurin kiɗan suka haɗu. Ta tambaye ni ko na jefar a shara. Na ce Allah ya kiyaye, ni ba na jefa takarda mai rubutu a shara. Ka san yadda Mma ta koya mana, abin da ba ka iya karantawa ba, ba ka san ko da sunan Allah a ciki ba. Ni kuwa Turancin nan sai a hankali. Na gaya mata na kai masallacinmu ran Juma'a, na sa a akwatin da ake tara takardu a ƙona su cikin mutunci.

Na ɗauka hankalinta zai kwanta. Da ta ji kalmar ƙonawa sai ta zauna a ƙasa. Ta ce in kwalin bai dawo ba zuwa Talata za ta ce wa ejansi su kawo wata. Anti Akua ta ce in aka kore ka a aikin farko, da wuya su sake kiran ka.

Yaya, wallahi gyara na yi niyya. A shagonka duk wanda ya kawo yagaggen abu godiya yake yi in an ɗinke. Nan kuwa yagar ce abin so. Ka sa ni a addu'a.

Fusena

Stapleton, 17 ga Maris

Yaya Sumani,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Yanzu kana iya karanta wa Mma.

Ran Litinin bayan azahar na je masallaci na samu Malam Ishawu, ladanin da ke kula da akwatin. Akwatin wayam, ya ƙona takardun tun Asabar. Sai ya tambaye ni me nake nema. Da na kwatanta masa, ya dube ni, ya ce ashe ni ce. Ya fita bayan masallaci, wajen da ake ajiye tsintsiya, ya ɗauko kwalin a cikin leda da yatsu biyu. Shi ya yi makaranta, ya karanta abin da ke jiki. Ya ce bai ga yadda zai haɗa wannan da takardun Alƙur'ani a wuta ɗaya ba, kuma kwana biyu yana tunanin wane mara kunya ne ya yi wa masallaci haka. Na roƙe shi ya gaya mini me aka rubuta. Ya ce shi da alwala yake.

Da gudu na hau bas. Baba na ganin kwalin ya miƙo hannu biyu, ya ƙirga fil ɗin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya kira sunan matarsa. Na sa faifan. Ya ci kwano guda, ya nemi ƙari. Da Jenifa ta ji yadda kwalin ya tsira, ta yi dariya har da hawaye, ta rungume ni, ta ce ba inda zan je. Ni dai ina tsaye ban san abin dariyar ba.

Na ce ta karanta mini, ta ce gara in zauna haka. Anti Akua ma da na nuna mata hoto a waya, salati ta yi irin nasu na coci ta miƙo mini wayata.

To tunda ba mai gaya mini, da hagu nake ɗaukar kwalin daga kan tebur. Amma in zan miƙa wa Baba sai in mayar hannun dama, don shi babba ne.

A gai da Mma, a ce ta ci gaba da addu'a.
Ƙanwarka, Fusena