Faifan da Na Ce Ya Karkace

Azare, ranar Laraba, bayan azahar.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya sanyaya makwancinki. Ni dai yau da sauƙi. Tarin ya lafa, amma gwiwoyina sun ƙi kai ni ko masallacin ƙofar gida. Na wuce shekarun da kika yi a duniya, Inna, amma yau a matsayin mai laifi na zo miki.

Kin tuna faifan da kike saƙa wa Baba a gidanmu na Katagum? Na kaba, mai jan layi guda. Layin yana tasowa daga ƙasa ta hagu, ya lanƙwaso ya ratsa cibiya, ya haura sama ta dama. Da shi kike rufe ƙwaryar furar da Baba yake sha da ƙanensa, Baffa, suna fuskantar juna a gindin tsamiya.

Shekarar da na dawo hutu daga makarantar boko, kaina ya cika. An koya mana cewa zane mai kyau shi ne wanda in ka naɗe takarda biyu, gefe zai faɗa kan gefe. Na ɗauki faifanki a gaban matan gida, na ce ya karkace, dama ta yi sama, hagu ta yi ƙasa. Suka yi dariya. Ke ba ki yi ba. Kika ce, “Buba, faifan mutum biyu ne. Zagaya can ka zauna ka gani.” Ban zagaya ba. Ɗan makaranta ne ni.

Daga ranar ba ki sake saƙa wannan zanen ba. Na lura, na yi shiru.

Na yi shekaru ina koyar da lissafi. Da na ajiye aiki, wani abokin aikina ya bar mini tsohon littafi, sai bana na samu sukunin bin sa a hankali. A ciki aka ce a ja layi a kwance da layi a tsaye, su haɗu a tsakiya. A ɗauki lamba, a ninka ta da kanta, a sake ninkawa da ita. Lambar ita ce takun da za a yi daga tsakiya a kan layin kwance, amsar kuwa a auna ta a kan na tsaye, a sa ɗigo. Taku biyu zuwa dama ya ba ni takwas a sama. Taku biyu zuwa hagu ya ba ni takwas a ƙasa. Uku ta ba da ashirin da bakwai, nan sama, can ƙasa. Ko sau ɗaya ba su saɓa ba. Na haɗa ɗigon da alƙalami.

Inna, jan layinki ne ya fito.

Na naɗe takardar, layin bai haɗu ba, kamar yadda na faɗa miki tun ina yaro. Sai littafin ya ce ba naɗewa ake yi ba, juyawa ake yi. Na kafa allura a cibiya, na juya takardar har samanta ya koma ƙasa. Layin ya koma mazauninsa kamar ban taɓa shi ba. Na yi ta maimaita Subhanallahi har ladan ya kira la'asar.

Ashe abin da kike nufi ke nan. Abin da Baba yake gani daga nan, shi Baffa yake gani daga can. Babu wanda aka ba fuskar zane, babu wanda aka ba bayansa. Duk abin da ya hau a gefe guda ya sauka a ɗayan da awo ɗaya, cibiya kuwa ba ta motsi. Masana sun rubuta wannan da haruffa a ƙasashen da ba ki taɓa jin sunansu ba. Ke da ba ki riƙe alƙalami ba kika saƙa shi da kaba, don kada wa da ƙane su ga bambanci a kan ƙwarya ɗaya. Wa ya sanar da ke? Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ajiye ƙa'ida ɗaya a cikin lambobi da cikin yatsunki.

Faifai ɗaya ya rage, wanda na tsinta a kayanki. Bakinsa ya fara warwarewa. Na tambaya a kasuwar Azare, babu mai yin irinsa. Ni na kashe shi da bakina. Sai na aika wa Hajara, jikar Baffa, da take saƙa a Gamawa, ta zo ta ɗauki zanen kafin ya ƙare. Ta aiko cewa yau za ta iso.

Ki yafe mini, Innata. Na zagaya, amma bayan shekara sittin. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya faɗaɗa shi, Ya zaunar da ni gabanki a Aljanna in ga abin da kike gani.

Ɗanki mai neman gafararki,
Buba.

Ƙari, Inna: rana ta yi sanyi, motar Gamawa ta sauke mutanenta, Hajara ba ta zo ba. Na sa an dama fura, na rufe ta da faifanki, na shimfiɗa tabarma a ɗaya gefen. Babu kowa a kanta, amma na san abin da ake gani daga can.