Matan da Ke Wasa da Hagu a Madubin Likita

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo miki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mutanen gida duk lafiya. Inna ta tsufa, amma bakin nan nata yana nan yadda kika bar shi. Dalilin rubuto miki shi ne wani abu da na gano a makon jiya, wanda ban ga mai gane shi ba sai ke.

Kin tuna shekarun da sojoji suka koma bariki, muna haya a Gyadi-Gyadi? Maƙwabcinmu, likitan nan na asibitin koyarwa, ya sa satalayit a gidansa. Da la'asar abokansa sukan cika falo, mu kuwa 'yan mata ba ma shiga cikin maza. Sai matarsa, Anti Maryam, ta zaunar da mu a ƙofar kicin muna taya ta tsince shinkafa. Daga wurin ba a hango talabijin, sai dai dogon madubin da ke jikin bangon falon. A cikin madubin nan muka fara ganin wasan tanis.

Har yau ina ganinsa in na lumshe ido. Koren fili, fararen kaya, ƙwallo tana tafiya tana dawowa, hasken yamma ya faɗo a gefen madubin har matan su zama kamar a cikin ruwa suke gudu. Kuma kowacce da hannun hagu take riƙe da raket, abin bugun ƙwallon.

Ke kuwa bahaguwa aka haife ki, kin kuma sha wuya a kai. Inna ta ɗaure miki hannun da ɗankwali, ta buge shi da ludayi, malamin aji ya ɗora da rula. Kin koma rubutu da dama, rubutun da ke kanki ba kya iya karantawa. Hagun nan kullum tana ɓoye cikin mayafi. Shi ya sa ranar kika saki farantin shinkafa a cinyata, kika ce, “Ashe akwai wasan da aka yi don irina.”

A cikinsu kin zaɓi gwanarki, wata 'yar gajeruwa daga Isra'ila. Ba ta da tsayin sauran, ba ta da ƙarfin bugunsu. Can baya take tsayawa, duk ƙwallon da aka aiko mata sai ta mayar, ta sake mayarwa, har zanƙaleliyar da ke ɗaya ɓangaren ta gaji ta zuba a raga. Wani a falon yakan ɗaga murya ya ce Bayahudiya ce fa. Ke kuma ki ce da ni ƙasa-ƙasa, “Ni ba ƙasarta nake kallo ba, hannunta nake kallo.”

Shekaru muka yi muna bin ta. A ƙananan gasa takan ɗaga kofi, a manya kuwa sau da yawa tun da wuri ake fitar da ita, ki wuni kina kumbura kamar ke aka cinye. Sai a ɗan jima mu sake ganinta a madubi, ta ɗaure gashi, ta koma wurin tsayuwarta na baya.

Anti Maryam ta ba ki tsohon raket ɗin mijinta. Kika ja layi da gawayi a bangon tsakar gida, kika ce raga ke nan. Tim, tim, tim, daga la'asar har a kira magariba, zaninki a ɗaure tamau, ni ce mai tsinto ƙwallo daga bayan randa. Inna ta leƙo ta ga hannun da kike bugu da shi, ta buɗe baki, sai kuma ta ce, “To, wasa dai ba cin tuwo ba ne.” Ranar ce na fara ganin kin yi dariya da hagunki a sama.

Daga baya muka daina ganin gwanar taki, aka ce ta yi ritaya. Ke ma kika shiga makarantar nas, raket ya hau kan sif. Sannan ciwon nan ya zo, bai ba mu lokaci ba. Yaya, ina kewarki. Shekarun nan duk ba su rage komai ba.

Yanzu ina aure a Tarauni, ina da 'ya mai sunanki, muna kiranta Amira. Ba sunan kaɗai ta ɗauko ba, har hannun. Ci da miƙa abu ga manya na koya mata da dama, ta kuma iya. Amma tunda ta shiga makaranta ake cire mata fensir daga hagu, kakarta ta wajen uba kuma ta fara maganar ɗauri. Yarinyar da take cika mana bango da zane ta daina zane. Rannan na gan ta zaune a kan hannun, ta danne shi da cinya.

Sai na ce bari in nuna mata gwanarki. Na sa aka nemo min tsohon wasanta a waya. Ga ta nan, 'yar gajeruwa, ta tsaya can baya. Yaya, da dama take wasa. Abokiyar karawarta ma da dama. Na yi ta kallo ina jiran ta sauya hannu, kafin na tuna inda muke zama a gidan likita. Madubi ne ya juya mana su.

Na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar hawayen. Ina ta tambayar kaina ko kin gane daga baya kika yi shiru, don na san ki da wayo. Ko kuwa kin tafi kina ganin akwai wata duniya can da mata ke ɗaga hagu ana yi musu tafi. Ko wanne ne, ban ga asarar da kika yi ba.

Jiya na je gidan Inna na sauko da raket ɗin, na kuma sami kakar Amira na roƙe ta da girman Allah a bar wa yarinya hannunta na rubutu. Ta ce za ta duba. Da la'asar na zaunar da Amira a gaban madubin ɗakina, na tsaya a bayanta, na ɗaga wayar ta fuskanci madubin. Ta zuba wa madubin ido. Can sai na ga hannun ya fito daga ƙarƙashin cinya, yana bin ƙwallon a iska.

Wata rana zan faɗa mata gaskiya, amma ba yanzu ba. Sai bangona ya yi baƙi da layin gawayi tukuna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba ki littafinki a hannun dama, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Taki har kullum,
ƙanwarki mai tsinto miki ƙwallo,
Rakiya