Hoton Baba Ya Ƙi Goguwa

Yaya Haulatu,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna? Ya mutanen unguwar Sabo? Ni lafiya lau nake a Jamus, barci ne dai ya yi ƙaranci.

Wallahi na goge hoton marigayi Baba daga shafin intanet na shagonmu da ke kasuwar Bodija, yadda Inna ta ce. Da kika ce har yanzu yana fitowa a wayoyinku, na tambayi abokan aikina. Duk sun ce aikin CDN ne, amma kowa da fassararsa. Mai gina shafi ya ce ma'ajiyar hotuna ce kawai. Mai tsaron shafi ya ce katanga ce. Injiniyarmu ta ce injuna ne a garuruwa daban-daban, kowanne yana riƙe da kwafi kusa da masu kallo.

Babu wanda ya ce kwafi yana canzawa.

Yaya, ni na ɗauki hoton nan, kan Baba ba hula. A wanda kika turo, yana sanye da jar hularsa da na taho da ita. Na zazzage akwatina, ba ta ciki.

Kada ki nuna wa Inna. Ki sa Malam Ja'afaru ya yi wa Baba addu'a, ni ma a sa ni ciki.

Ƙaninki,
Anas