Sun Zo da Kalmominka a Rubuce

Birnin Ƙonni, 14 ga Afrilu, 2008

Zuwa ga ƙanena Jamilu, a Dakar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, Ya buɗa maka karatu. Baba Abarshi ƙafar ta yi sauƙi, har yana zuwa masallaci. Inna Delu ta ce wai a hoto ka rame. An gama cire albasa, rudu bakwai, rumbunan albasa, muka cika a gonar Galmi, ban da iri.

To, zancen shafin da ka buɗe mana a intanet ne. Da farko kalma guda ka sa wadda mai nema zai rubuta ya same mu, albasa, wata huɗu ko ɓatan kai ba wanda ya yi ya kira. Ka ce gajerar kalma kamar tsayawa ce tsakiyar kasuwa ranar Laraba, kowa na kiran abu ɗaya. Doguwa kuwa mutum kaɗan ke nemanta, amma wanda ya neme ta da kuɗinsa ya zo. Sai ka sa "irin albasar Galmi na sari". Ni kuma, da wayona na ɗan kasuwa, na ce kaya ba sunan mai shi ai kayan tsintuwa ne, ka ƙara sunan Baba da kwatancen gona, yadda muke yi wa direbobi. Ka ƙi, na matsa. Wannan kam laifina ne, kada ka saba jin na amsa laifi.

Dabarar ta yi aiki, har ta wuce yadda muke so. Ran Litinin da ta wuce mutum biyu suka zo gona bisa babur marar lamba, ɗayan riƙe da takardar da aka buga a sibar, shagon intanet, kalmomin nan jere, har sunan Baba. Na faɗi kuɗin buhu, na ninka shi da gangan. Ba su taya ba. Jamilu, shekara ashirin ina kasuwa, ban taɓa ganin mai saye da bai taya ba. Sai tambaya suke: wane rudu ne na iri, wa ke gadi, Baba yakan zo shi kaɗai? Labo mai gadi ya ce jiya sun dawo ba na nan, ba su ko sauka ba, suka zagaya shinge suka yi hanyar iyaka. Na je jandarma, aka ce kallo ba laifi ba ne.

Irin nan Baba ya shekara talatin yana zaɓensa. In ya tafi, ba inda za a saye shi. Ban gaya masa ba, kuma gobe ya ce zai je gona.

Don Allah, ranar da takardar nan ta same ka, ka goge sunansa da kwatancen. Maida mu kalma guda, cikin dubban masu albasa, inda ba mai ganinmu. Ashe can mun fi barci.

Balki da Samira suna gaishe ka. Ka gaida Kawu Tijjani da iyalinsa.

Naka wanka,
Hashimu Abarshi