Ina Sabunta wa Surukina Kwamfuta a Ɓoye

Anti, don Allah ki agaza min, na jefa kaina cikin wani hali, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Surukina tsohon mai buga tafireta ne, shekara talatin ya yi a ofis kafin ya yi ritaya. Yana da wata tsohuwar kwamfuta wadda in ka kunna ta, sai ka dafa shayi ka shanye ba ta gama buɗe ido ba. Maigidana ya ce a jefar a sayo sabuwa, Baba ya kwana biyu yana cin magani. Ni kuma a shagon buga takardu nake aiki, can na koyi tsarin kwamfutar nan na kyauta, wanda masana daga ko'ina suke haɗa hannu su gina, kowa kuma na iya duba cikinsa. Na kwashe masa takardunsa, na goge tsohon tsarin, na ɗora wannan. Anti, sai ka ce allura aka yi mata! Baba ya yi ta sa min albarka har kunya ta kama ni. Yanzu tarihin zuri'arsu yake rubutawa, ya kai shafi ɗari da arba'in. Maigidan ma, da ya rantse kayan kyauta ba za su yi wata guda ba, yakan leƙa ya karanta labarin kakarsa yana murmushi.

Ga inda matsalar take: Baba ya tsani sabuntawa. Da saƙon gyaran tsaro ya fito sai ya rufe, wai za a sauya masa wurin abubuwa ko rubutunsa ya ɓace. Na yi bayani har bakina ya gaji. Sai na koma duk Juma'a in ya tafi masallaci, in lallaɓa ɗakinsa in sabunta, tunda ni na sa lambar sirrin, in mayar da tabaransa da kofinsa daidai inda na same su. Wata bakwai ke nan.

Yanzu Baba cika baki yake wa abokansa cewa tasa ba a taɓa sabunta ta ba, kuma garau take. Uku sun kawo nasu na ɗora musu tsarin, duk sun bi shawararsa sun ƙi sabuntawa, ɗaya kuma da tasa yake karɓar sakamakon asibitinsa. In na yi magana na kunyata Baba, in na yi shiru na cuci bayin Allah. Yaya zan yi?

Daga suruka mai sanɗa

Amsa:

'Yata, na yi dariya har da hawaye, musamman wajen tabarau da kofi. Allah ya yi miki albarka, kin mayar wa dattijo da sana'arsa.

Tsoron Baba ba na banza ba ne. Babbar sabuntawa takan sauya fasalin abubuwa, kuma mai shafi ɗari da arba'in dole ya yi kaffa-kaffa. Amma gyaran tsaro daban ne, ƙofa yake toshe wa masu kutse. Amfanin tsarin da kowa ke duba cikinsa shi ne ana gano ɓaraka a gyara, sai dai gyaran ba ya amfanar wanda ya ƙi karɓa. A nan gaskiya na wajenki. Shiga ɗakinsa a ɓoye kuwa, nan kin yi kuskure.

Fara kwafe masa littafin a filashi, ki buga masa shi a takarda ya riƙe a hannu, hankalinsa zai kwanta. Sannan ki same shi ke da maigidanki, ba a gaban kowa ba, ki durƙusa ki ba shi haƙuri, ki faɗa masa komai. Hujjarki tana kan teburinsa: wata bakwai ana sabuntawa, ko harafi bai ɓace ba. Ki nuna masa yadda ake yi, ya danna da yatsansa.

Abokansa kuma ki bar shi ya je musu da kansa, amma kada mako ya wuce, saboda mai takardun asibitin. Dattijon da ya iya yaɗa ra'ayi ga mutum uku zai iya gyara shi, kuma zai ji daɗin zama malaminsu.

Zai iya yin fushin yini guda, ki jure. Allah ya ƙara masa lafiya ya kammala littafinsa, ya bar ku cikin farin ciki.